Shekara uku da RAV4 mai ja da ƙafa huɗu a Garwa

Da na ce zan sayi mota a farkon 2022, duk wanda ya ji a rumfarmu ta babbar kasuwar Garwa sai da ya kawo tasa shawarar, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: in ba kat-kat ba, kada ma in soma. Kat-kat muke ce wa mota mai ja da ƙafa huɗu, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi kuma su ce fowil. Sana'ata sayen gyaɗa da masara ce a kasuwannin ƙauye, Pitowa ran Lahadi, Ngong, Adumri, wani lokaci har Tuboro. Kayan manyan motoci ke ɗauka, ni dai jikina da sikeli da buhunan zuba kaya nake son kaiwa. Amma ba don kasuwa na matsu da mota ba. Inna ce. Tana ƙauyenmu a yankin Bibemi, ta ƙi dawowa gari, ga hawan jini ga ciwon ƙafa, kuma tsakanin kwalta da ƙofar gidanta akwai jar ƙasa, da mayo biyu, wato rafuka, da wata fadama ta baƙar laka.

Yanzu na yi shekara uku da motar. Toyota RAV4 ce ta 2008, injin fetur mai lita 2, giyar hannu, daga Beljiyam ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Duwala. Na saye ta sefa 5,900,000 da takardun kwastan cikakku. Ina rubuta wannan ne don wanda ke tsaye inda na tsaya, kuɗi a hannu, ana ce masa ya ƙara miliyan ɗaya ko biyu don ya samu mai ƙafa huɗu.

Abu mafi amfani da na yi a duk cinikin shi ne biyan kuɗin tafiyar bakanikena. Dattijo ne, ya gyara Peugeot 504 ɗin mahaifinmu tun ina makarantar allo, Baba nake ce masa. Muka hau bas zuwa Ngaundare, muka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, muka ƙarasa Duwala. Motar farko da wani dillali ya nuna mana baƙa ce, tana sheƙi, an rubuta 4WD a bayanta, kuma ta fi sauran araha da sefa 600,000. Har na fara lissafin la'ada a raina. Baba bai ko buɗe gaban motar ba. Ya nemi kwali ya shimfiɗa a ƙasa, ya kwanta ya shige ƙarƙashinta, can sai na ji muryarsa.

"Alhaji, duƙo ka gani da idonka."

Na duƙa. Ya haska mini da tocilar waya. Daga bayan giya zuwa aksul ɗin baya ya kamata a ga doguwar sandar ƙarfe, wadda makanikanmu ke kira kardan, a Najeriya kuma farfela. Ita ke kai ƙarfin injin ga ƙafafun baya. Babu ita. Ramukan noti ne kawai guda huɗu a fili, bakinsu fes, alamar ba a daɗe da kwance su ba.

Dillalin ya ce ai don a rage shan mai aka cire. Baba ya miƙe yana kaɗe rigarsa ya ce, "To madalla. A ɗauko ta a ɗaura, mu zaga mu ji kukan motar." Muka jira har la'asar, ba a kawo ba. A hanyar masauki ya yi mini bayani: in na'urar da ke haɗa ƙafafun baya ta lalace, ko aksul ɗin ya fara ƙugi, gyaran da tsada, sai a cire sandar, motar ta koma mai jan gaba kawai, ƙarar ta ɓace. Mai saye ya biya kuɗin ƙafa huɗu, ya tafi da biyu, ba zai sani ba sai ranar da ya shiga taɓo. Ya kuma ce rubutun da ke bayan mota ba shaida ba ne, don ana sayar da shi a kasuwar kayan gyara, kuma wannan samfurin akwai wanda tun daga kamfani mai jan gaba ne, musamman cikin waɗanda ke zuwa daga Amurka.

Wadda muka saya, sai da ya sa aka ɗora ta a ramin gareji. Ya bi ƙarƙashinta da sukundireba yana ƙwanƙwasawa, don motocin Turai suna zuwa da tsatsa saboda gishirin da ake watsa wa hanyoyinsu lokacin ƙanƙara. Ya kwance notin aksul ɗin baya, ya tsoma yatsa ya duba man, ya sansana. Sannan muka kai ta wani fili da aka jibge yashin gini, ya sa na ɗora ƙafafun gaba a kan yashi na taka, shi kuma ya tsuguna yana kallon na baya. Da ya ga sun tura, ya ce a yi ciniki.

Mun biyo ta Bertuwa da Garwa-Bulai da Meiganga, kwana biyu. Da muka baro Ngaundare muka iso gangaren nan na falez kafin Mbe, inda manyan motoci ke yawan kifewa, sai na ji motar ta zauna daram a kwana, na saki jiki ina ƙara gudu. Baba ya dafa hannuna ya ce, "Koma giya ta biyu. Ƙafa huɗu ta ja ce, ba ta tsayawa ba. Birkinka da na ƙaramar Corolla duk taya huɗu suke kamawa." Wannan maganar ban taɓa jin wani dillali ya faɗe ta ba, kuma ita ce ta fi kusa da ran mutum.

Yadda wannan motar ke aiki shi ne, a kan kwalta kusan duk ƙarfin yana ƙafafun gaba. In ta ji gaba na zamewa, ko lokacin tashi, sai ta tura wani kaso baya da kanta. Akwai maɓalli kusa da sitiyari da aka rubuta LOCK, in ka danna shi sai ta riƙe ƙafafun baya a haɗe, amma da ka wuce gudun kilomita 40 sai ta saki. Ba ta da ƙaramar giyar nan ta ƙarfi da Hilux da Land Cruiser ke da ita, wadda ake sa wa L4 mota ta riƙa rarrafe kamar tarakta. Mutane suna haɗa su duka su ce kat-kat, alhali tsakaninsu akwai nisa. RAV4 motar gari ce da aka ɗaga aka ƙara wa taimako. Hilux motar daji ce.

Ni ɗan kasuwa ne, komai ina rubutawa. A bayan littafin da nake sa kuɗin mai na ware shafi guda, duk ranar da na danna maɓallin nan don dole sai in ja layi. Shekara uku, layi goma sha ɗaya. Tara a tsakanin Yuli da tsakiyar Satumba, biyu a yashin mayo da rani. Sauran kwanakin duka, fiye da dubu, abin da ya yi mini aiki shi ne tsayin motar. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa kusan santimita 19, don haka ramukan hanyar Garwa zuwa Figil, da kwatocin da ruwa ke yankewa a cikin unguwa bayan an yi marka, da tudun tsakiyar hanyar da manyan motocin auduga ke bari, duk tana wucewa ba ta daki tukunyar baƙin mai ba. Wannan kuwa 'yar'uwarta mai jan gaba ma tana da shi.

Amma ɗaya daga cikin layukan nan ya biya ni kuɗin motar gaba ɗaya.

Watan Agusta ne na 2023. Bayan isha'i ƙanwata ta kira ta ce Inna ta faɗi a tsakar gida, harshenta ya yi nauyi. An wuni ana ruwa, bai ɗauke ba sai magariba. Na ɗauki ƙanena muka kama hanya. Mayo na farko ba matsala. Na biyu muka tarar yana gudu. Ƙanena ya tuɓe takalmi, ya karɓi tocila da sanda, ya shiga a ƙafa yana tokarawa har ya haye, ruwan bai wuce ƙwaurinsa ba, ƙasan kuma tsakuwa ce. Ba ruwan ne abin tsoro ba, gaɓar da ke can ƙetare ce: hawa ne na jar laka, shanu sun tattake ta, ta yi sulɓi kamar an zuba mai. Na danna maɓallin, na sa giya ta ɗaya, na ce bisimillah. Da muka fito ruwa gaban motar ya fara karkata hagu, na ji tayoyin gaba suna juyawa a banza, laka na fantsama a gilashi. Sai na ji wani abu ya tokare daga baya ya tura, a hankali, kamar mutum huɗu sun sa kafaɗa. Ban ɗaga ƙafa ba, ban ƙara ba, har muka hau.

A dawowa muka kwantar da Inna a kujerar baya, kanta a cinyar ƙanwata. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Da muka zo gangaren nan na ji ta ce da ƙyar, "Kai wannan, a hankali." Kafin kiran assalatu muna asibiti a Garwa. Tana nan da ranta, tana takawa da sanda. Na sha tunanin daren nan, kuma na tabbata mota mai jan gaba ba za ta hau gaɓar nan ba sai da masu turawa, a wannan lokacin kuwa babu kowa a bakin mayo sai kwaɗi.

Shekara na zagayowa motar ta nuna mini iyakarta. Satumba ce, ina sauri in riga wasu masu saye isa wata ƙaramar kasuwa, na zo fadamar baƙar laka, irin wadda Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa in ruwa ya ja. Da rani ƙasar nan tsagewa take yi har ƙafar akuya ta faɗa. Da damina kuwa ta zama kamar danƙo. Na ga wata tsohuwar Corolla ta masu jigilar 'yan kasuwa ta tsaya a baki, direban ya sauke fasinja yana shirin zagayawa ta wata ɓarauniyar hanya a gefen gonaki. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Alhaji, kada ka shiga." Na dubi maɓallina na shiga. Ban yi taku talatin ba laka ta cike zanen tayoyin suka zama sumul, motar ta nutse ta zauna a kan cikinta. Ƙafa huɗun duka suna juyawa, babu wadda ta taɓa ƙasa mai ƙarfi. Na yi ta takawa har fitilar 4WD ta fara ƙiftawa a gabana, alamar na'urar ta yi zafi ta saki baya, ga ƙaurin kuloci ya cika motar. Sai da aka samo samari takwas da shanun huɗa biyu da igiya, muka haƙe ƙarƙashinta da shebur, muka cusa rassan itace, kafin ta fito da la'asar sakaliya. Corollar nan ta kai kasuwa, ta yi lodi, ta dawo ta same mu.

Tun daga ranar nake kallon direbobin kasuwannin ƙauye da wani ido. Tsofaffin Corolla da Carina ne a hannunsu, duk masu jan gaba, an ɗaga musu baya, suna ɗaukar mutum takwas da buhuna, kuma duk damina suna kan hanya. Abin da suke da shi sanin hanya ne. Sun san inda ƙasa ke da tsakuwa, sun san mayon da ke sauka bayan awa biyu, sun san ranar da ba a fita. Mayo kuwa in ya kawo, babu ruwansa da yawan ƙafafun motarka. Ruwa in ya kai bakin da injin ke shaƙar iska, injin ya tashi aiki, in kuma yana da ƙarfi ya tafi da motar da mutanen ciki.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce masu ba da shawara a rumfa ba sa zama su yi da kai.

Lokacin da na sayi motar, litar fetur a gidan mai sefa 630 ce. A Fabrairun 2023 ta koma 730, a Fabrairun 2024 ta koma 840. Zuwa-zuwa da muke saye a kwalabe da jarkoki a bakin titi, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, shi ma ya daina zama mafita tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. A lissafina motata tana shan kusan lita 11 a kilomita 100, in an haɗa gari da tafiya da na'urar sanyaya mota. Wani abokina mai irinta amma mai jan gaba, mun gwada zuwa Marwa tare, tasa ta tsaya wajen lita 10. Corolla kuma wajen 8. Ina yin kusan kilomita 18,000 a shekara. Ke nan ƙafa huɗun kaɗai tana cin mini kamar sefa 150,000 a shekara, in kuma da Corolla aka gwada, bambancin ya haura 450,000. Wannan kuɗin makarantar yara ne.

Wanda ya fi ba ni ciwo shi ne na taya. Wata rana tayar baya ta fashe mini kusa da Figil, na sayi ta hannu a wurin mai faci, ban duba lambarta ba, ashe ta ɗan fi sauran ƙanƙanta. Na yi wata biyar a haka. Sai wani ƙugi ya fara tasowa daga baya in na kai gudun 60. Baba ya zagaya motar sau ɗaya ya tsuguna a gaban tayar nan ya ce, "Wa ya sa maka wannan?" Ya ce in taya ɗaya ta fi sauran saurin juyawa, motar ɗauka take yi ana zamewa, sai na'urar baya ta yi ta kamawa tana saki a kan busasshiyar kwalta har ta ci kanta. A mota mai jan gaba za ka iya sayen taya biyu yau, biyu bayan girbi. A wannan kuwa huɗun su zama girma ɗaya, zane ɗaya, cinyewa kusan ɗaya. Na'urar da ta lalace ba a same ta a Garwa ba, an tambaya Yola babu, sai daga Duwala aka aiko da ta hannu a motar haya bayan kwana goma sha biyu. Ita da kuɗin aiki da sababbin tayoyi huɗu sun tasam ma sefa 500,000. Kayan Corolla kuwa ko a Gidar ka tsaya za ka samu.

Tun lokacin na koyi karanta taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Yawancin tayoyin da ke zuwa a jikin motocin Turai sun tsufa, wasu ma na lokacin sanyi ne, robarsu taushi gare ta, kwaltar Garwa a watan Afrilu tana cinye su cikin 'yan watanni. Da a ce in zaɓa tsakanin ƙafa huɗu da tsofaffin tayoyi, ko jan gaba da sababbi masu zane mai zurfi, na biyun zan ɗauka in shiga damina da shi.

Akwai kuma mai guda biyu da mai irin wannan mota ke mantawa: na akwatin da ke raba ƙarfi a gefen giya, da na aksul ɗin baya. Masu juyen baƙin mai a bakin titi ba sa taɓa su sai ka ce. In ka ratsa ruwa da damina, ka sa a duba na bayan, in ya yi fari kamar kunu ruwa ya shiga.

Ta wasu fuskokin ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Injin bai taɓa ba ni kunya ba, a zafin Maris da Afrilu da ake haura digiri 40 allurar zafi ba ta motsa daga wurinta, in dai ana wanke lagireto ana kaɗe matatar iska lokacin hazo. Bayanta yana cin buhu huɗu in an kwantar da kujeru. A gargada tana da ɗan tauri, Inna takan ce tana girgiza mata ƙashi. Kuma ba ta jan ido kamar manyan motocin nan na ƙungiyoyi da manyan mutane, abin da duk mai bin hanyoyin Mayo-Rai da kuɗin sayen kaya a jikinsa ya san darajarsa.

In aka tambaye ni yau, amsata ta danganta da inda mutum ke kwana da inda dole ke kai shi. Wanda rayuwarsa ke tsakanin unguwannin Rumde Ajiya da Yelwa da kasuwa, sai tafiyar Marwa ko Ngaundare a kan babbar hanya, ba ya bukatar ƙafa huɗu ko kaɗan, ya ɗauki miliyan ɗin nan ya sayi mota mai ƙarancin shekaru da lafiyayyen injin. Wanda ke shiga ƙauyuka amma yana da ikon cewa yau ba zan fita ba sai ƙasa ta sha iska, mota mai tsayi mai jan gaba da tayoyi masu kyau ta ishe shi. Wanda aikinsa ke cikin daji kowace rana ta damina, ko mai bin Mora zuwa Kuseri da kaya, RAV4 ma ba tasa ba ce, ya tara kuɗi ya nemi Hilux mai ƙaramar giya. Irina ne a tsakiya, mai wata hanya guda da ba zai iya ɗaga tafiyarta zuwa gobe ba in waya ta yi ƙara.

Ƙanena da ya shiga mayo da tocila a daren nan yanzu yana koyarwa a Marwa. Bara ya tara kuɗinsa ya ce irin tawa yake so. Na buɗe masa shafin nan mai layi goma sha ɗaya, na nuna masa rasit ɗin tayoyi, na ce, "Ƙauye ni ke zuwa, kai makaranta za ka." Baba ya raka shi suka ɗauko Corolla ta 2010, ragowar kuɗin ya yi wa ɗakinsa rufi. Tawa kuma tana gareji tun jiya, ana juye man aksul ɗin baya ana duba robobin kardan, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Inna kuma har yanzu ta ce ba za ta bar ɗakinta ba.